Ina Maganin Baba Yake Zuwa?

Shafi na 23

Masu aiko mini da saƙo cewa na yi shiru, ku yi haƙuri. Kwana huɗu ina juya shafin nan, na rasa wanda zan ba gaskiya a cikinsu.

*

Nas ta rufe littafin magani, ta ɗora tafin hannunta a kansa.

"Babu kuskure ko ɗaya a rubutunki," ta ce. "Abin da ya dame ni ke nan."

Auta tana tsaye a bakin ƙofar ɗakin Baba, tsumman da ta goge masa gumi yana hannunta. Wata bakwai ke nan da likitoci suka ce ciwon dajin ya bar hanjinsa ya shiga ƙashi, suka ce a koma da shi gida a lallaɓa. Tun ranar ita ce mai juya shi, ita ce mai wanke shi, ita ce mai auna masa magani duk bayan awa huɗu ta rubuta a littafin nan. Kan keken ɗinkinta yana cikin buhu a ƙarƙashin gado, ta manta rabon da ta taka shi.

"To in babu kuskure, mene ne abin damuwa, Sista?" in ji Yaya.

Shi ne babban wanta. Yana zaune a kan kujera ɗaya tilo da ke falon, kayan aikinsa na gadi a jikinsa, waya a kan gwiwa. Sau ɗaya yake leƙowa a mako. Yau ma don Nas ta kira shi da kanta ne ya zo da hantsi.

Nas ita ce asibiti yake turowa gidajen masu irin wannan ciwon. Doguwa ce, ba ta ɗaga murya, amma in ta yi shiru kowa yakan gyara zama.

"Sau biyu na ƙara masa yawan mofin, maganin zafin nan, cikin mako uku," ta ce. "Wanda yake shan sa haka, gyangyaɗi zai riƙa yi. Cikinsa zai ɗaure. Ƙwayar idonsa za ta ƙanƙance. Yanzu na haska idon Baba. Ban ga ko ɗaya ba."

"Wato me?"

"Wato magani yana fita daga kwalba, amma ba ya shiga jikin mai ciwo."

Daga cikin ɗaki suka jiyo nishin Baba, irin wanda yake dannewa da haƙora. Auta ta san kowane irin nishinsa. Wannan na ƙugu ne.

Yaya ya juyo a hankali ya kalle ta.

"Ke."

"Na'am, Yaya."

"Kin ji abin da aka ce?"

"Na ji."

"To ina yake zuwa?"

"Ina ba shi. Allah shaida ne, ina ba shi."

"Kina ba wa? Bango?"

"Yaya, ka rage murya, yana ji."

"Ya ji mana! Gara ya ji!" Ya miƙe tsaye. "Ni fa ba yaro ba ne. Na san akwai masu bin maganin nan lungu lungu. Ko sayarwa kike yi? Ko kuwa ke kike kurɓewa don ki samu barci? Dube ki fa, idanu duk sun faɗa. Tun watan jiya nake lura da ke."

Auta ta yi wata dariya wadda ita kanta ba ta san tana da ita ba.

"Kana lura da ni? Daga ina? Daga bakin ƙofar nan?"

"Kada ki yi mini rashin kunya."

"Wata bakwai, Yaya. Ka taɓa wuce labulen nan? Tsayawa kake yi ka ce, Baba ya jiki, ka toshe hanci da hula kana tsammani ba ya gani. Ka san ɓarin da yake kwanciya a kai? Ka san inda gyambon bayansa yake?"

"Ina da aiki! Ina da iyali!"

"Ni kuma daga icce na faɗo."

Yaya ya kalli labulen, ya kawar da kai da sauri. Auta ta daɗe da gane cewa ba ƙyama ba ce kaɗai. Tsoro ne. Yaya ba ya iya kallon mutumin da ya taɓa ɗaga shi da hannu ɗaya ya ɗora a kan mota, yanzu ya koma kamar a naɗe shi a zane. Ta gane, amma ganewar ba ta taɓa juya mata Baba ko sau ɗaya ba.

"Ku saurare ni, ku biyun," in ji Nas. "Maganin nan doka ce da shi mai tsauri. Ga takarda a jakata, dole in rubuta inda ya tafi. In mai jinya ce ta taɓa, abin da sauƙi. Sai a cire hannunta, wani ɗan gidan ya sa hannu ya karɓi auna magani, a ci gaba."

Ta ɗan kalli Yaya. Ya sunkuyar da kai kan wayarsa.

"In kuwa ya fita daga gidan nan zuwa hannun wani a waje, magana ta fi ƙarfina, ta hukuma ce. Haka ma in ban samu amsa ba. Zan tafi da kwalbar yau, ba za a sake ba da ita a gida ba. Sai dai a mai da shi asibiti a kwantar."

Auta ta tuna dogon ɗakin asibitin nan mai gado ashirin, da kwalin da take shimfiɗawa a ƙarƙashin gadonsa, da ranar da aka ja labule a kan maƙwabcinsa da ya cika, Baba yana kallo. A ranar ya riƙe hannunta ya sa ta yi masa alkawari ba za ta bari a mai da shi can ba.

"Auta," Nas ta ce da murya mai taushi, "yaushe rabonki da barci na kirki?"

"Ina yi."

"Yaushe?"

"In Mai aski ya zo."

"Wane ne kuma Mai aski?"

"Abokin Baba ne. Shekara talatin shi yake masa aski. Sau biyu yake zuwa a mako da azahar. In ya gama sai ya ce in je in kwanta, shi zai zauna da shi awa biyu."

"Shi kaɗai yake karɓarki?"

"Shi kaɗai."

Nas ba ta kalli Yaya ba a wannan karon. Ba ta buƙatar kallonsa.

Sai suka ji ƙarar cokali a jikin ƙarfen gado. Da shi Baba yake kira tun da muryarsa ta yi rauni.

"Je ki duba shi," in ji Nas. "Ina nan."

*

Ta same shi ya karkato rabin jikinsa ya fito daga gado, hannunsa yana lalube a ƙasa.

"Baba! Za ka faɗi!"

Ta tallabo shi ta mai da shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan, abin da ya fi ba ta tsoro ke nan kullum. Rigarsa ta jiƙe sharkaf.

"Matashina," ya ce. "Miƙo mini, uwata."

Ƙaramin matashi ne da yake dannawa a cikinsa in zafi ya taso. Ba ya yarda kowa ya taɓa shi, ko rigar matashin za a sauya sai dai ya sauya da kansa. Da Nas take duba shi ɗazu ne ya zame ya faɗa bayan ƙafar gado.

Auta ta duƙa ta ɗauko. Tana ɗagawa ta ji wani abu mai tauri a cikin audugar.

"Kawo," in ji Baba.

Ba ta kawo ba. Ita tela ce, kuma ita ta ɗinka matashin nan da hannunta. Gefensa an farke ɗinkin kamar tsawon yatsa, an maƙale da fil.

"Auta. Na ce ki kawo."

Ta cire fil ɗin ta zura yatsu biyu.

'Yar kwalba ce ta man injin aski, an wanke ta tas, da jan zare ɗaure a wuyanta. Ta sha ganinta a akwatin Mai aski. Ta kusa cika da ruwan da Auta ta fi kowa sanin launinsa.

Ta zauna a ƙasa, bayanta jikin gado.

A take ta ga yadda aka yi. Ranar farko Nas ta nuna mata yadda za ta auna da sirinji ta matsa masa a baki. Baba ya ce shi ba jariri ba ne. Sai ta koma tana aunawa ta zuba a murfin filas ta miƙa masa. Shi kuwa Baba mutum ne da bai taɓa son a tsaya a kansa yana ci ko yana sha ba, tun suna yara in an ajiye masa kwano kowa watsewa yake yi. Don haka in ta miƙa masa murfin sai ta juya ta gyara labulen taga, ko ta fita zubar da ruwa. In ta dawo murfin babu komai. Sai ta rubuta.

Sau shida a yini. Mako uku.

"Rufe ƙofar," Baba ya ce a hankali.

Ta miƙa ƙafa ta tura ƙofar, amma ba ta rufu duka ba.

"Na wa ne?"

Ya juya fuskarsa bango.

"Baba, na wa ne?"

"Matar Mai aski."

"Me ya same ta?"

"Irin nawa. A nono ya fara, yanzu ya gama jiki. Sun je asibiti sau ɗaya, aka ce sun makara, su tafi gida. Ba ta da kati, ba ta cikin waɗanda Sistarku take zuwa dubawa. Ya je ya tambaya, aka ce layi ya cika." Ya tsaya ya ja numfashi. "Ran nan yana yi mini aski aka kira shi a waya. Na ji ta, uwata. Daga cikin waya na ji ta. Aska ta faɗi daga hannunsa."

"Shi ya roƙe ka?"

"Bai roƙa ba. Har kuka ya yi ya ce ba zai karɓa ba. Na ce in bai karɓa ba kada ya sake taɓa kaina."

"Duka kake ba ta?"

"Ina ɗan lasar na asuba."

Auta ta kalli kwalbar.

"Shekara talatin ina tuƙi," in ji Baba, "ban taɓa wuce motar da mai ya ƙare mata a daji ba. Ko a tankina sai na zuƙo. Ni tawa tafiyar ta zo ƙarshe, tasha nake hange. Ita tana da 'ya'ya ƙanana a kanta suna jin ihun nan."

"Ni fa?"

"Ke me?"

"Ni ban ji naka ihun ba?"

Ya lumshe ido.

"Mako uku, Baba. Mako uku ban runtsa ba. Kana cizon zane, ina shafa maka ƙafa har gari ya waye. Na ce hannuna ne ba shi da albarka. Na ce awo nake kuskurewa, na riƙa aunawa sau uku kafin in zuba. Shekaranjiya na tsinci kaina a bakin famfo ina kuka, ruwa ya cika bokiti yana zuba ban sani ba. Yanzu ga Yaya can ya ce ɓarauniya ce ni."

"Na ji shi."

"Ka ji shi, ka yi shiru."

"Nawa na bayar, uwata. Zafina ne. Ni zan ɗauka."

"Ba kai kaɗai kake ɗauka ba." Ta danne muryarta don kada a jiyo a falo. "Ka ba ta maganinka, na ji. Amma barcina ka haɗa ka ba ta, Baba, kuma ba ka tambaye ni ba."

Ya buɗe ido ya kalle ta. Ba ta taɓa yi masa magana haka ba tun da aka haife ta. Ta jira ya yi faɗa. Da ya yi faɗan da ta ji sauƙi.

Hawaye ne ya gangaro ta gefen idonsa ya shiga kunne.

"Ban yi wannan lissafin ba," ya ce. "Wallahi ban yi ba."

Zafi ya sake taso masa. Ya dunƙule, ya cusa gefen zane a baki. Ba ta san lokacin da ta miƙe ta dafa ƙugunsa ba, daidai inda ya kamata, tana murzawa a hankali. Hannunta ya san aikinsa ko zuciyarta tana tafasa.

Da ya lafa ya kamo wuyan hannunta. Yatsunsa kamar tsinke, amma riƙon na direba ne.

"In kika faɗa, za su kama shi."

"Na sani."

"Ita kuma ta koma ihu."

"Na sani, Baba."

"Ni kuma su mai da ni can. Kin yi mini alkawari."

"Na sani!"

Ta zare hannunta. Wani tunani ya zo mata wanda ta ji kunyarsa. Awa biyun nan da Mai aski yake ba ta, da take ganin alheri ne tsantsa, ashe a cikinsu ake juye kwalbar. Ko don haka yake cewa ta je ta kwanta? Ko kuwa da can ma yana cewa, tun kafin matarsa ta kwanta? Ta yi ƙoƙarin tunawa. Tun watan farko yake cewa. Wannan ya ƙara dagula mata komai, don da mugu ne da ta san abin yi.

"Auta?" Nas ta kira daga falo. "Lafiya?"

Ta dunƙule kwalbar a hannu, ta rufa gefen mayafinta a kai.

*

Nas ta riga ta fito da takardar, biro a hannunta. Kwalbar mofin ɗin tana kan tebur kusa da jakarta, ba a inda Auta take ajiye ta ba.

"Yana buƙatar magani yanzu," in ji Auta.

"Na ji shi. Ba ni amsa, in ba shi da hannuna."

Yaya yana tsaye jikin taga. Ya ce, "Ki faɗi gaskiya kawai, ki huta."

Ta kalle shi. In ta ce ita ce, sunanta zai shiga takarda. Kafin la'asar dangi duk sun ji, har waɗanda ba su taɓa aiko wa Baba ko gaisuwa ba. Duk wanda ya taɓa kawo mata ɗinki zai ji. Amma kwalbar za ta kwana a gidan nan, Baba zai kwana a gadonsa, ba za a taɓa Mai aski ba. Kuma Yaya dole ya sa hannu. Dole ya wuce labulen nan sau shida a yini.

Matar Mai aski kuwa? Ta ture wannan gefe. Ba za ta iya ɗaukar kowa da kowa ba.

"Ni ce," ta ce.

Yaya ya saki salati.

"Ke ce me?" in ji Nas.

"Ni nake sha. Don in yi barci."

"Kin ji ko, Sista? Kin ji? Ubanki yana ciki yana mutuwa, ke kuma..."

"Malam, yi mini shiru."

Nas ta ajiye biron. Ta taso ta zo gaban Auta, ta ciro 'yar tocilarta daga aljihu.

"Kalle ni."

Hasken ya shiga idon dama, ya shiga na hagu.

"Shekara goma sha ɗaya ina shiga gidaje," in ji Nas. "Na ga mai jinyar da ta sha. Na ga wadda ta sayar. Ban taɓa ganin wadda take shan mofin sau shida a yini ba, kuma idonta yana roƙon barci kamar naki." Ta kashe tocilar. "Ƙanwata, wa kike rufa wa asiri?"

"Babu kowa."

"Tun da kika fito hannunki na dama yana cikin mayafi."

"Tsumma ne."

"Tsumman yana ƙasa a bakin ƙofa. Buɗe hannunki."

Daga ciki cokali ya fara bugun ƙarfen gado. Da sauri, ba tsayawa, kamar ba na mai ciwo ba.

"Buɗe mana!" in ji Yaya.

Auta ta ƙara damƙe kwalbar har zaren ya shiga fatarta.

Sai aka ji takun mutum a lungun da ya bi ta bayan ɗakin Baba, yana sauri, akwatin ƙarfe yana bugun ƙafarsa. Ta san ƙarar akwatin nan. Amma azahar da sauran nisa, bai taɓa zuwa da hantsi ba. Bai zagayo ta ƙofa ba. A tagar Baba ya tsaya.

Cokalin ya yi tsit.

Ƙofar ɗakin kuwa a buɗe take.

"Direba," muryar Mai aski ta shigo ƙasa ƙasa, amma babu wanda bai ji ba a falon. "Direba, ka yafe mini, na kasa jira. Tun asuba take kiran mutuwa. Ko rabin kwalbar ne, miƙo mini ta taga kafin yarinyar ta shigo."

Nas ta juyo ta kalli hannun Auta.

Sannan ta ɗauki biro.